AN MANTA KALMAR SIRRI TA KWAMFUTA: INA DABARA?

'Yan'uwa manoma, yau ba zancen iri ko na taki za mu yi ba. Za mu yi zancen wata 'yar wahala wadda takan sami ƙungiyoyin gama kai tun da suka fara ajiye lissafinsu a cikin kwamfuta.

A ce kaka ta yi, an sa ranar biyan bashin taki. Mutane sun kawo buhunansu bakin sito, ma'aji ya zauna da littafin rasit. Magatakarda ya kunna kwamfuta domin ya duba wa ya karɓi buhu nawa a farkon damina. Sai ta nemi kalmar sirri. Ya rubuta, ta ƙi. Ya sāke, ta ƙi. Wata huɗu ke nan yana fama da gona bai taɓa ta ba, kalmar ta ɓace masa ƙaf. Sunayen masu bashi, da kuɗin adashe, da hannun jarin kowa, duk suna ciki. Kafin rana ta take tsaka, wani ya fara raɗa cewa da gangan ne.

Ga abin da muke so ku riƙe tun daga fari. Mantuwar kalmar sirri ba ta share kome. Lissafinku yana nan daram, kamar hatsin da ke cikin sito wanda mabuɗinsa ya ɓata. Abin da yakan hallaka lissafi shi ne gaggawa, watau a ruga wurin mai gyara a ce ya yi mata fomatin. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Akwai hanyoyin komawa ciki, za mu kuwa bi su ɗaya ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Da yake yawancin kwamfutocin da ke hannun mutanenmu masu Windows ne, a kansu za mu yi magana.

ME YA SA BA MAI IYA KARANTO MUKU KALMAR?

Mutane da yawa suna tsammani kalmar tana rubuce a wani lungu na kwamfuta, gwani zai leƙa ya faɗa musu. Da can kam haka ne. A shekarar 1961 wani masani mai suna Fernando Corbató, na makarantar MIT a ƙasar Amurka, ya shirya wata babbar kwamfuta yadda mutane da yawa za su yi aiki da ita tare, ya ba kowa kalmarsa. Kalmomin kuwa an jera su a fili cikin takarda guda a cikin injin. A 1962 wani ɗalibi, Allan Scherr, ya sa injin ya buga masa takardar duka, domin yana son ƙarin lokacin aiki. Daga baya masana, irin su Roger Needham na jami'ar Kambirij a Ingila, suka fito da wata dabara dabam.

Dabarar kamar niƙa take. Sa'ad da kuka zaɓi kalma, kwamfuta takan niƙe ta da wani lissafi, ta ajiye garin, ta yar da ƙwayar. Gobe in kun rubuta kalma, sai ta niƙa abin da kuka rubuta, ta gwada garin yau da wanda ta ajiye. In sun yi daidai ta buɗe. Kowa ya sani ba a mai da gari ya koma gero. Saboda haka ko kamfanin Microsoft da ya yi Windows ba ya iya faɗa muku tsohuwar kalmarku. Abin da ake yi shi ne a sa sabuwa a madadinta. Dukan hanyoyin da za mu bayyana, hanyoyi ne na nuna wa kwamfuta cewa ku ne masu ita, domin ta yarda ku sa sabuwar kalma.

A FARA DA ƘANANAN ABUBUWA

Sau da yawa mutum bai manta ba, hannunsa ne yake rubuta wani abu dabam. Kafin hankali ya tashi, a duba waɗannan.

Na fari, maɓallin da aka rubuta wa Caps Lock. In yana kunne, ƙananan haruffa sukan zama manya, ga kwamfuta kuwa babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne. Haka kuma maɓallin Num Lock: a wasu ƙananan kwamfutoci yakan mai da waɗansu haruffa su zama lambobi.

Na biyu, harshen maɓallai. A ƙasan allo ta hannun dama akan ga ENG ko FRA, in an sa harshe fiye da ɗaya. A tsarin Faransanci, A da Q sun yi musanyar wuri, haka Z da W, M ma ya ƙaura, lambobi kuwa ba su fita sai an danne Shift. 'Yan'uwanmu na Nijar, da duk wanda ya sayi kwamfutar da ta fito daga ƙasar masu Faransanci, su lura da wannan ƙwarai.

Na uku, ƙurar hunturu takan shiga ƙarƙashin maɓalli ya daina aiki, mutum bai sani ba, gama ɗigo-ɗigo kaɗai yake gani. A ƙarshen akwatin da ake rubuta kalma akwai ɗan hoton ido. In an danne shi, sai a ga ainihin abin da aka rubuta. In wani harafi ne ya mutu, a kusurwar dama ta ƙasa akwai alamar da ke fito da maɓallai a kan allo, sai a riƙa taɓa su da linzami.

Na huɗu, a tabbata abin da take nema. Gajeriyar lambar sirri, wadda Windows ke kira PIN, dabam take da kalmar sirri. A ƙarƙashin akwatin akwai rubutun da ya ce “Sign-in options”. Nan ake zaɓa. Wanda ya manta lamba yana iya shiga da kalma, wanda ya manta kalma yana iya shiga da lamba. A duba sunan da ke kan allo kuma, kada a yi ta ƙwanƙwasa ƙofar wani.

Kada a yi ta cinke barkatai. Tun 2022 sababbin kwamfutoci masu Windows 11 sukan rufe ƙofa na minti 10 in an yi kuskure sau 10. Wannan ba lalacewa ba ce, jira kawai ake yi. Gara magatakarda ya ɗauki takarda, ya zauna shi kaɗai, ya rubuta kalmomin da ya saba amfani da su, sa'an nan ya gwada su a hankali.

WANE IRIN ASUSU NE?

In duk wannan bai yi ba, sai a san irin asusun da ake da shi. Ba asusun kuɗi muke nufi ba. Asusu a nan shi ne rajistar sunan wanda yake shiga kwamfuta. Iri biyu ne.

Akwai asusun Microsoft, wanda aka buɗe da adireshin imel. Rajistarsa tana wurin kamfanin, a intanet. Akwai kuma asusun gida, wanda ba wanda ya san da shi sai kwamfutar kanta. A tambayi wanda ya shirya kwamfutar ran da aka saye ta ko an ba ta imel. Allon ma yakan nuna. In akwai rubutun da ya ce “I forgot my password”, asusun Microsoft ne. In kuwa sai bayan an yi kuskure ne rubutun “Reset password” yake fitowa, asusun gida ne. A asusun gida, wani ɗan tuni da mai shi ya rubuta wa kansa ran da ya zaɓi kalmar yakan fito bayan kuskuren fari. A karanta shi da kyau, wani lokaci shi kaɗai ya isa.

HANYA TA FARI: ASUSUN MICROSOFT

Wannan ita ce mafi sauƙi, muddin layin waya yana hannu. A ɗauki kowace waya mai intanet, a shiga account.live.com/password/reset. A rubuta imel ɗin. Kamfanin zai aiko da wata lamba zuwa ga layin waya ko imel na biyu da aka ba shi tun farko. A rubuta lambar, a zaɓi sabuwar kalma. Shi ke nan.

Amma fa akwai wurin da mutane sukan yi tuntuɓe. Kwamfutar da ke ƙauye ba ta san an sāke kalma ba sai ta sami intanet. Tilas a haɗa ta tukuna. A allon shiga, a kusurwar dama ta ƙasa, akwai alamar intanet. A raba mata daga waya, sa'an nan a rubuta sabuwar kalmar.

Babbar wahalar wannan hanya ita ce layin waya. Layin wa aka sa? In na yaron shago ne da ya shirya kwamfutar, ko na tsohon magatakarda da ya tafi cin rani, to, can lambar za ta tafi. Layin da ya daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfanin waya yakan rufe shi, daga baya ya ba wani. A Nijeriya kuma, tun Disamba 2020 aka umarta a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN. In sim ya ɓata, wanda sunansa ke kan rajista shi ne zai je ya karɓo sabo.

In ba layi ba imel na biyu, saura takardar roƙo wadda ake cikawa a shafin kamfanin. Za a tambayi tsofaffin kalmomin da aka taɓa sawa, da adireshin mutanen da aka taɓa aika wa wasiƙa, da kan maganar wasiƙun. Amsa takan zo cikin sa'a 24, ana kuwa iya gwadawa sau biyu a rana. In amsoshin ba su gamsar ba, ba su buɗewa, ma'aikatansu ma ba su da izinin buɗewa da hannu. Wanda kuma ya kunna tsaro mai hawa biyu a asusunsa, wannan takarda ba ta yi masa aiki.

HANYA TA BIYU: TAMBAYOYI UKU

Wannan ta masu asusun gida ce. Tun fitowar Windows 10 ta watan Afrilu 2018, wanda ya buɗe asusun gida akan sa shi ya zaɓi tambayoyi uku ya amsa, kamar garin da aka haife shi, da makarantar da ya fara shiga, da sunan da ake kiransa da shi yana yaro. In an danna “Reset password” sai tambayoyin su fito. A amsa su yadda aka rubuta su ran farko, sai ta ba da wurin sa sabuwar kalma. Ba a bukatar intanet. Masu tsohuwar Windows 7 ba su da wannan hanya.

Abu biyu sukan ɓata ta. Wani lokaci mai shago ne ya cika amsoshin da abin da ya ga dama domin ya gama da wuri. Sa'an nan kuma, a ƙauye wa bai san garin haihuwar magatakarda da sunansa na yarinta ba? Saboda haka ba dole ne amsar ta zama gaskiya ba. A zaɓi amsar da ba mai iya cinka, a rubuta a ajiye.

HANYA TA UKU: FILAS NA BUƊEWA

Tun zamanin Windows XP, wadda ta fito a 2001, ana iya yi wa asusun gida mabuɗi na biyu. Yanzu a kan filas ake yinsa. Ana shiga Control Panel, a nemi User Accounts, a zaɓi “Create a password reset disk”. Aikin 'yan mintoci ne. Kwamfuta za ta rubuta wani ɗan ƙaramin abu a kan filas ɗin. Ran da aka manta kalma, sai a soka shi, a danna “Reset password”, a nemi wurin da ya ambaci faifan buɗewa, a sa sabuwar kalma. Ko sau nawa aka sāke kalma bayan an yi shi, yana nan yana aiki.

Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan filas, sai ƙofa tana buɗe ake yinsa. Ba a kuma aro na maƙwabci, gama kowane ɗaya asusunsa kaɗai yake buɗewa. Duk wanda ya riƙe shi kuwa ya riƙe kwamfutar, don haka wurinsa akwatin kuɗi ne, ba aljihun tebur ba.

HANYA TA HUƊU: MUTUM NA BIYU MAI IKO

A cikin Windows akwai asusu mai cikakken iko, akwai na talaka. In kwamfutar tana da asusu na biyu mai cikakken iko, misali na shugaba ko na ma'aji, sai shi ya shiga da tasa kalma. Ya je Control Panel, User Accounts, ya zaɓi “Manage another account”, ya taɓa sunan magatakarda, ya sa masa sabuwar kalma. Wannan ma asusun gida kaɗai take yi wa aiki.

A san abu guda. In wani ne ya sāke wa mutum kalma ta haka, kalmomin shiga waɗansu wurare da Windows ta adana masa sukan ɓace, haka kuma takardun da ya kulle ɗaya ɗaya da kullen Windows ba za su buɗu ba. Sauran takardu na yau da kullum ba abin da zai same su.

HANYA TA BIYAR: MAI GYARA

In huɗun nan duk sun ƙi, sai a nufi gari wurin mai gyara. Amma a tafi da sharaɗi. Mutum biyu na kwamiti su tafi tare, su riƙe rasit ɗin sayen kwamfutar da wasiƙar ƙungiya. Mai gyara na kirki yana da dalilin tambaya, gama kwamfutocin sata ma wurinsa ake kai su. Mu ma wannan bayani domin masu abu muka rubuta shi, ba domin wanda ya tsinci kayan wani ba.

Maganar fari da za ku yi masa ita ce: a kwashe mana takardunmu tukuna. In faifan ajiya ba a kulle yake ba, wannan ba wuya. Yana iya tā da kwamfutar da wani filas mai ɗauke da Linux, ko ya cire faifan ya haɗa da wata kwamfuta, ya kwafe muku kome. Ku sa ya buɗe takardar bashin taki a gabanku, ku gani da idonku. Bayan haka ne za a yi zancen cire kalma, akwai kuwa kayan aikin da ake yin haka da su a asusun gida. Kada ku bar kwamfutar ta kwana a shago in da hali, gama asirin kuɗin mutane ne a ciki.

Akwai darasi a nan. Tun da mai gyara yana iya kwashe takardu ba tare da kalma ba, ɓarawo ma yana iyawa. Kalmar shiga ita kaɗai kamar dangar kara take: takan tsare akuya, ba ta tsare mai gatari. Abin da ya sa aka ƙago wani kulle mai ƙarfi ke nan.

KULLEN DA BA YA KARYUWA

Sunansa BitLocker. Ya fara fitowa tare da Windows Vista a 2007. Shi ba ƙofa yake tsarewa ba, dukan abin da ke kan faifai yake hautsinawa, yadda in an cire faifan an kai wata kwamfuta ba abin da za a gani sai shirme. Kullum in an kunna kwamfuta, wani ɗan guntun ƙarfe a cikinta yakan warware kullen shiru, mai ita bai ma san ana yi ba. Amma in an taɓa cikinta, ko an cire faifan, ko an yi ƙoƙarin shiga ta bayan gida, sai shuɗin allo ya fito yana neman mabuɗi mai lamba 48, kashi takwas, kowane kashi lamba shida.

Da can sai wanda ya so yake kunna shi, ban da waɗansu kwamfutoci da suke zuwa da shi. Amma daga fitowar Windows 11 ta Oktoba 2024, yawancin kwamfutocin da aka shirya sabo da asusun Microsoft da kansu suke kunna shi. Ƙungiya tana iya zama da wannan kulle shekara guda ba ta sani ba. In kuna so ku gane, ku duba hoton faifan C a wurin da ake ganin takardu. In da ɗan kwaɗo a jikinsa, to, yana kunne.

Ina mabuɗin yake? Galibi yana cikin asusun Microsoft da aka shirya kwamfutar da shi. A shiga account.microsoft.com/devices/recoverykey da waya. Shuɗin allon yakan nuna wata lambar shaida, sai a gwada haruffa takwas na farkonta da waɗanda ke shafin, domin a san mabuɗin da ya dace. In kwamfutar kyauta ce daga wata hukuma ko makaranta, mai yiwuwa mabuɗin yana wurinsu, sai a rubuta musu.

In an rasa kalmar shiga, an kuma rasa lambar nan 48, gaskiya ɗaya ce: takardun sun tafi. Microsoft da kanta ta ce ba ta iya ƙera wani mabuɗin. Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya fasa, kuɗinku kawai zai ci.

MAGANI NA ƘARSHE

In an kwashe takardu, ko an haƙura da su, ana iya mai da kwamfuta sabuwa ba sai an biya kowa ba. A allon shiga, a danne Shift, a taɓa alamar kashewa, a zaɓi Restart. Sai a bi Troubleshoot, sa'an nan “Reset this PC”. Za ta ba da zaɓi biyu. Wanda ya ce a bar takardu, yakan bar asusun da kalmarsa yadda suke, saboda haka ba ya fid da wanda ya manta. Ɗayan, “Remove everything”, shi ne yake buɗe ƙofa, amma yakan share kome da kome. Kada mutum ɗaya ya yanke wannan shawara. Kwamiti ya zauna, a rubuta a littafin taro, tukuna a danna.

WAƊANSU ƘOFOFI DABAM

Akwai kalmar da kwamfuta takan nema tun kafin Windows ta taso, a kan allo baƙi ko toka-toka. Wannan ta cikin injin ce, an fi kuwa samunta a kwamfutocin hannu da suka fito daga ofisoshin ƙasashen waje. A tsofaffin kwamfutocin tebur, cire ɗan batir mai kama da kwabo yakan share ta. A yawancin na cinya na zamani ba ya yi, sai a koma wurin wanda ya sayar, ko kamfanin da ya ƙera, da rasit a hannu. Don haka kafin ku biya kuɗin kwamfutar hannu, ku sa mai sayarwa ya kashe ta ya kunna a gabanku, ya kuma nuna muku cewa ba sunan kowa a kanta.

Akwai kuma kalmar da akan sa wa takarda guda ta Excel domin kada a buɗe ta. Ita ma in an manta, Microsoft ba ta iya dawo da ita.

A yi hankali da 'yan damfara. Microsoft ba ta buga wa mutum waya haka kawai ta ce kwamfutarsa tana da ciwo. Lambar da aka aiko muku ta waya kuwa, kada ku karanta wa kowa, ko ya ce daga ina yake.

ABIN DA ZA A YI A TARO MAI ZUWA

Kun ga duk hanyoyin nan masu sauƙi, tun kafin ranar wahala ake share su. Ga abin da muke ba kowace ƙungiya shawara ta sa a ajandarta.

1. A buɗe asusu na biyu mai cikakken iko, a ba wani ɗan kwamiti dabam. Sito mai hatsin mutum hamsin ba a bar wa mutum ɗaya mabuɗinsa, haka nan kwamfuta.

2. A rubuta kalmar shiga, da lambar PIN, da amsoshin tambayoyi uku a takarda. A sa a ambulan, a liƙe, shugaba da ma'aji su sa hannu a bakinsa, a ajiye a akwatin kuɗi. Waɗansu za su ce ai an hana rubuta kalmar sirri. Abin da aka hana shi ne manna ta a jikin kwamfuta. Tun 2005 Bruce Schneier, sanannen masanin tsaron kwamfuta na Amurka, ya ba da shawara mutane su zaɓi kalma mai ƙarfi, su rubuta, su adana takardar yadda suke adana kuɗi.

3. In asusun gida ne, a yi filas na buɗewa. In BitLocker yana kunne, a kwafe lambar nan 48, mutum biyu su karanta su tabbatar, a sa cikin ambulan.

4. In asusun Microsoft ne, a ba shi hanya biyu ta aiko da lamba: layin waya da imel na biyu, na mutum biyu dabam dabam. A riƙa kira da layin ko sau ɗaya a wata domin kada a rufe shi. In za a sāke layi, a sa sabon tun tsohon yana aiki, gama wanda ya sāke dukan bayanan tsaro gaba ɗaya, kamfanin yakan sa shi jiran kwana 30.

5. Kowane ƙarshen wata a kwafe takardun ƙungiya a filas biyu, ɗaya ya kwana a wani gida dabam. Bayan rabon taki, da kuma kafin kaka, a buga sunayen masu bashi a takarda, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Wannan zai cece ku daga mantuwa, da sata, da gobara, da tsawa.

6. A zaɓi kalmar da ta yi tsawo amma mai sauƙin tunawa: kalmomi huɗu ko biyar na Hausa waɗanda ba abin da ya haɗa su. A 2017 hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ta nuna cewa tsawon kalma ya fi cusa mata alamomi barkatai amfani, ta kuma ce kada a riƙa tilasta wa mutane sāke kalma a kai a kai in ba dalili. Kada a sa sunan ƙungiya, ko na gari, ko lambar waya. A guji ƙ, ɗ da ɓ masu lanƙwasa a ciki, gama ba kullum ake samunsu a allon shiga ba.

7. Ran da aka yi zaɓe aka sāke magatakarda ko ma'aji, a miƙa kwamfuta a gaban kwamiti kamar yadda ake miƙa littattafai. Sabon ya shiga da hannunsa, a sāke kalma, a cire layin tsohon, a yi sabon ambulan.

8. Sau ɗaya a shekara, kafin a faɗa aikin damina, a gwada: mutum na biyu ya shiga, a soka filas na ajiya a ga ko takardu suna buɗuwa.

Mu koma bakin sito inda muka baro magatakarda yana zufa. In ƙungiyarsa ta yi waɗannan abubuwa, ma'aji zai buɗe akwati, a yage ambulan a gaban jama'a, a shiga, a ci gaba da awo. Ko da kwamfutar ta ƙi gaba ɗaya, takardar da kowa ya dangwala wa hannu tana nan. Ba wanda za a zarga, ba wanda zai musa bashinsa. Kuɗin wannan shiri bai wuce na ambulan ɗaya da filas biyu ko uku ba, aikin kuma na yamma guda ne. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wa membobinsu wannan bayani, su kuma yi aikin tun kwamfutar tana buɗe.